Zaki, Jirgi da Gemun Ɗan Kawuna

Ɗan Kawu, Injiniyan Gagere, Sarkin Zanen Kaura da kewaye. Tambarin kamfaninka na man gyaɗa ya iso Zurmi ta WhatsApp, da saƙonka a ƙasa wai in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah. Kai ka nema, kada gobe ka kai ƙarata wurin Inna.

Bari in fara da ƙidayar waɗanda ka tara. A tsakiya ga zaki ya wage baki. Bayansa ga kan jirgin ƙasa yana tuƙa hayaƙi. Ƙarƙashinsu gyaɗa uku, sama jinjirin wata da tauraro, hagu dagin Arewa, dama taswirar Nijeriya wadda ka matse har Maiduguri ta kusa gaisawa da Sakkwato. Can a kusurwa kuma sai mai gayya da kansa, an karkata hula, an taje gemu, ana wani murmushi da masu binka bashi ba su taɓa gani ba. Duk wannan a 'yar takardar da za a manna wa gorar lita ɗaya. Wallahi sai ka ce motar Alhamis ce ta taso daga kasuwar Shinkafi, buhu a kan buhu, akuya a kan buhun, yaron mota a kan akuyar.

Amma ka yi ƙoƙari, wannan ba a hana ka. Mutumin da malamin firamare ya taɓa tambaya ko doki ya zana ko teburi, yau shi ne ke haɗa tambari a waya. Ci gaba ne.

Zakin nan dai ba naka ba ne. In ka buɗe hoton ka zuba ido a cinyarsa ta baya, za ka ga rubutun masu shi yana leƙe, ka goge bai gogu ba. Tsinto shi ka yi a intanet. Ko da halaliyarka ne ma, me ya haɗa zaki da gyaɗa? Tun da nake ban ji an kama shi yana ɓarna a gonar kowa ba. Da ɓera ka saka, da na ce ka san kan sana'arka.

Ga abin da nake so ya shiga wannan ƙaton kan naka. Mutanenmu ba sa sayen kaya da sunan kamfani, da hoton da ke jiki suke saye. Uwargida ba ta cewa komai sai a sayo mata Maggi mai tauraro, ko sabulu mai agwagwa. 'Yan siyasa sun daɗe da gane wannan. NPC ta Sardauna fartanya ta riƙe, PRP ta Malam Aminu Kano mabuɗi, na yanzu kuma lema da tsintsiya, don tsohuwar da ba ta yi boko ba ta san inda za ta dangwala. To, ka ɗauka an aiki yaro ɗan shekara shida da ɗari biyar a hannu, an ce ya sayo manka. Me zai ce wa mai shago? Mai zaki? Mai jirgi? Mai wata? Ni na san abin da zai faɗa: a ba shi na mai gemun nan. Daga ranar ka samu suna har jikoki.

Saboda haka abu ɗaya za ka zaɓa, taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Na san zuciyarka za ta ce gyaɗa, amma duk mai tuyar ƙuli daga Gusau zuwa Kano gyaɗa yake zanawa, ba za a bambance ka da kowa ba. Ni jirgin zan bar maka. Shi kaɗai ne a cikin tarkacen nan yake da hujjar zama. A 1929 layin dogo ya iso Kaura Namoda daga Zariya ta Gusau, nan ya tsaya, kuma gyaɗa da auduga ya zo kwasa. Duk ɗan Shinkafi da ɗan Zurmi ya san ku da wannan, ko ba komai kun ishe mu da gorinsa, duk da jirgin ya daɗe bai leƙo ku ba. Kan jirgi ɗaya, baƙi, ana kallonsa ta gaba, babu hayaƙi babu fasinja. Man gyaɗa mai jirgi. Ka ji yadda ya zauna a baki?

Kada ranka ya ɓaci don an rage maka kaya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tutar ƙasar nan ma sai da aka yi mata aski. Taiwo Akinkunmi yana ɗalibi a Landan ya zana ta, aka zaɓe ta a wata gasa a 1959, kuma a zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar kore, fari, kore, suka ba shi fam 100. Bai yi yaji ba. Alamar Nike kuwa, wadda ke jikin silifas ɗinka na jabu, wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana a 1971, aka biya ta dala 35. Lanƙwasa ɗaya tal. Kai ko ka kwana uku kana zuba kaya.

Sai maganar kala. Na ƙirga bakwai kafin idona ya fara ruwa. Ka je wurin masu buga leda da buhu ka tambaya: kowace kala da nata allon, da nata kuɗin. Kai da ka raba sisi da kwabo gida, kai ne za ka biya allo bakwai? Sannan ka rubuta sunan da ruwan ɗorawa, a takarda mai shara-shara, za a manna a gorar da ke cike da man gyaɗa. Injiniya, wace kala ce man gyaɗa? Sunan zai nutse ke nan, sai dai a gan shi bayan man ya ƙare. Koren nan mai ƙyalli da ke burge ka a fuskar waya shi ma ba haka zai fito ba, waya da haske take nuna kala, injin bugu kuwa da tawada. Ja kuma rana ta fi saurin cinye shi, allon shagonka zai yi wata nawa a ranar Kaura kafin ya koɗe? Kala biyu sun ishe ka, mai duhu a kan mai haske.

Rubutun ma salo huɗu ka zuba, har da mai lauje-lauje irin na katin biki. Mai salon bai san da ƙugiyar Hausa ba, shi ya sa a tsakiyar gyaɗa wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin. Nemi salo ɗaya mai kauri wanda ya san ɗ da ƙ. In akwai wuri a takardar, sa sunan da ajami a ƙasa, masu karanta shi a kasuwannin nan ba kaɗan ba ne. Lambobin wayarka biyu, da adireshin da ka ce daura da mai shayi, da lambar NAFDAC in Allah ya sa ka samu, duk jikin takardar gora za su koma, ba cikin tambari ba. Wancan dogon Turancin na Intanashinal da Gulobal kuma ka ajiye shi, kamfanin da ma'aikatansa kai ne da ƙanen matarka.

In ka gama, ga jarrabawa. Buga shi baƙi da fari a shagon hoto na bakin Poli, don haka zai fito a hatimi da rasit. Rage shi ya koma girman murfin gora. Sa shi a hoton WhatsApp ka ga abin da da'irar za ta yanke. Manna shi a bango ka hau babur ka wuce a guje. In jirgin ya tsira daga duk wannan, ya ci. Daga nan ka sami ɗaya daga cikin yaran Poli masu CorelDraw ya sake zana maka shi da layi, irin wanda ko an buɗa shi ya cika allo ba ya dushewa, don hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi. Ka biya yaron, ban ce ka sallame shi da ƙuli ba. Kuma takardar CAC da kake ta nunawa sunan kasuwanci kawai ta yi wa rajista, tambari ofishinsa daban a Abuja.

Hotonka kuwa kada a yar. A wanke shi babba a kafa a rumbun gyaɗar, ɓeraye za su kiyaye.

Ladan wannan aiki jarka ɗaya ce da ƙullin ƙuli mai yaji, a haɗa da kuɗin sharar Cika-ciki da ka yi kwana da su. Ka ba direban Zurmi, ba wanda kuka saba haɗa baki da shi ba. Ka gaida Kawu, ka ce masa har yanzu ina mamakin inda ya samo ka.