Masu Fita Cefane Su Dawo da Littafi

Ranar Litinin, in kasuwar Shuwarin ta cika, mai littattafai ba ya wahalar da kansa da tallan baki. Buhu kawai yake shimfiɗawa, ya jera kayansa, ya danne su da duwatsu saboda iska. Ya san mutanensa, da ƙafarsu za su zo.

Na farko shi ne magidancin da aka lissafa wa kayan miya tun daga Takur: tattasai, attaruhu, daddawa, manja. Ya tsaya ne wai ya gyara takalmi, sai ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, duka ukun, a jere. Yana da su a gida, amma na biyun bangonsa ya cire. In ya saya, a kayan miyar manja ne ke fara mutuwa, sannan nama ya koma ƙashi. In ya dawo aka ce, "Malam, ina canji?" sai ya shiga bayanin tsadar rayuwa, littafin kuwa na cikin aljihun babbar riga yana dukan cinyarsa.

Sai alaramma, wanda ya haddace Ahalari da Ishmawi tun kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Duk da haka in ya ga sabon bugu mai manyan baƙi, sai ya ce na almajirai ne. Almajiran ba su taɓa ganinsa ba.

Uwargida ita ce gwanar dabara. Marubutanmu sun san lagonta, shi ya sa labari ɗaya suke yanka shi kashi uku, su tsaya daidai inda kishiya ta ɗaga labule. Ta sayi na ɗaya da rarar kuɗin alayyafo, ta cusa shi ƙarƙashin ganyen. Na biyu ya ci kuɗin sabulu. Na uku bai iso daga Kano ba, don haka kowane mako sai ta aiki yaro: "Ka ce wa mai littafi Hajiya na gaisuwa." Yanzu da yawa sun koma karatu a WhatsApp, amma nan ma ana yanke labarin a ce sai an tura kuɗi.

Akwai ma'aikacin sakatariya, mai auna littafi da kauri. In littafin na Turanci ne, ya kai bulo nauyi, zai yi kyau a falo kusa da talabijin. Ledarsa ma ba a ɓare ba.

Wanda mai kaya ya fi tsana shi ne ɗan tsugune. Ba ya saye. Shafi goma yake karantawa kowace Litinin, ya lanƙwasa gefen takarda, ya tafi sayen dabino. Ranar da aka sayar da littafin har faɗa ya yi: "Haba Malam, saura babi biyu fa!"

Na ƙarshe ko wurin littattafan ba ya zuwa. Mai ƙosai yake bi, ya roƙe ta ta naɗe masa a shafin da ke bin na jiya.