Jagorar Mai Son Zagaye Tsibiri da Ƙafa a Fadamar Haɗeja

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada ta yawon ƙafa, inda mutum mai cikakken hankali, wanda ba a aike shi ba kuma akuyarsa ba ta ɓata ba, zai biya kuɗin jirgin fito ya tsallaka wani tsibiri, ya bi gaɓarsa har ya komo inda ya tashi, sa'annan ya ce ya huta. Mai sha'awar gwada wannan a ƙasar Haɗeja ba ya bukatar biza, domin tsibirai suna nan birjik, sai dai suna da wani hali da ya kamata a sani tun da wuri, wato ba sa zama tsibirai duk shekara.

Kogin Haɗeja, wanda ruwan kogunan Kano da Challawa suke haɗuwa su samar, yakan rarrabu idan ya wuce garin, wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, a cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda tsofaffin tuddan yashi suka ratsa. Idan ruwa ya cika fadama tsakanin Agusta da Oktoba, waɗannan tuddai su ne suke zama tsibirai, amma wanda ya yi nawa har watan Maris zai iske ɗan acaɓa yana kai mutane tsibirin nasa cikin ƙura. Girman tsibirin ma ba damina kaɗai ke yanke shi ba, domin tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, masu buɗe ƙofofin ruwa a jihar Kano suna da ta cewa a kan tsawon zagayen matafiyi. A shekarun ambaliya irin 2012 da 2020 da 2022, lokacin da jama'a ke kwana a kan jinga, wato shingen ƙasa da buhunan yashi mai tare ruwa, babu batun yawo, kuma mai ƙarfin ƙafa ya fi amfani idan ya ɗauki buhu.

Jirgin fiton kwalekwale ne, kuma jadawalinsa guda ɗaya ne tak: yana tashi idan ya cika. Ma'anar cika kuwa ilimi ne da ɗan fito kaɗai ya mallaka, domin bayan mutane akwai buhunan shinkafa, da awaki ɗaure, da babur da aka kwantar a gicciye. Wanda ya zauna a tsakiya saboda tsoro shi za a miƙa wa ƙwarya ya riƙa kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai, kuma ba za a rage masa ko sisi daga kuɗin fito ba. Ladabi ya nuna a ce, "Sannu da aiki, Baba, yaya ruwa?" Idan ya amsa da "Ruwa ya yi gyara," to a shiga, amma idan ya yi shiru ya dubi gabas, hikima ita ce a koma gida. Rigar ruwa ta kare rai ita ce abin da bai kamata a yi raha da shi ba, haka ma ƙin tsallakawa bayan magariba, kuma tun daga gari ake neman rigar, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaɓar da aka zo zagayawa sau da yawa ba a ganinta, saboda kacala, wata doguwar ciyawar ruwa da ta fi mutum tsawo, wadda ta toshe hanyoyin ruwan yankin tun bayan da madatsu suka sa wasu rassan suka daina ƙafewa da rani. A cikinta janbaki ke kwana, ƙaramin tsuntsun nan mai sauka dubbai a kan shinkafa, don haka mai neman shirun daji zai samu yara suna kaɗa gwangwani da ihu tun asuba. Takalmi mai tsada ganima ne ga laka, ƙafa tsirara kuma a ruwa mai kwanciya gayyata ce ga tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini, saboda haka takalmin roba mai wuya shi ne sulhu.

Babbar wahala ita ce bayanin dalilin zuwa. Kowane taku na tudun yana da mai shi, kuma baƙon da ke bin gefen gonaki yana ɗaukar hoto za a ɗauke shi mai awon fili ko ɗan siyasa mai ƙirga ƙuri'a. Wajibi ne a fara gaida mai unguwa, kuma amsar da ta fi karɓuwa ita ce an zo kallon tsuntsaye, domin wannan hauka ce da aka riga aka saba da ita: dajin Baturiya da ke Kiri Kasamma yana cikin jerin dausayin Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare wuraren ruwa, tun 2008, kuma Yarima Philip na Ingila da kansa ya zo Dagona ta jihar Yobe a 1989. Abin takaici kawai shi ne agwagin Turai suna cika wurin ne da hunturu, lokacin da tsibirin ya fara haɗewa da sauran duniya, sai dai a yi haƙuri da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe na gida. Daga nan sai a shirya ƙin tayin masu babur, waɗanda ba za su yarda mai takalmi irin wannan yana tafiya a ƙasa da son ransa ba, a kuma karɓi furar da matan rugar Fulani za su kawo saboda tausayi.

Idan Allah ya sa zagaye ya cika aka dawo mashigi, akwai yiwuwar a tarar ɗan fito ya tafi duba komarsa ko ya wuce kasuwa, kuma babu wanda ya san lokacin dawowarsa sai shi. Saboda haka mai karatu ya riƙe rabin kuɗin fito a aljihunsa har sai ƙafarsa ta taka wancan ƙetaren, ya kuma tafi da gidan sauro.