Yadda Alhaji Zai Hau Keke a Tuddan Ɗa'ifa, Ya Dawo Makka da Haƙoransa Cikakku

Alhaji, an gama Umara, an yi aski, an sayi dabino da jallabiya har jaka ta ƙi rufuwa, ga shi saura kwana uku jirgi ya tashi. Shawarata ka ware yini ɗaya ka hau sama. A gabashin Makka, wajen Ɗa'ifa, akwai duwatsu masu sanyi da itatuwa da gonakin fure, kuma ba abin da ya dace da kallonsu kamar keke, wannan dai da ka koya a lungun gidanku kana yaro. Ka fara tambayar jagoranku ko bizarka ta yarda ka fita gari. In ta yarda, ga yadda ake yi.

Na ɗaya, nemo keken. Ka je wajen 'yan'uwanmu mazauna Misfala ko Shari' Mansur ka nemi aro. A can sunansa saikal, mai faci kuma banshar, ka haddace kalmomin nan biyu kamar lambar ɗakinka. Ka zaɓi mai kaurin taya, mai giya. Kafin ka yaba fenti ka matse birki, na gaba da na baya. In mai keken ya ce maka birkin yana kamawa in sha Allahu, ka yi masa godiya, ka tambayi maƙwabcinsa.

Na biyu, ka sa keken a mota, kai ma ka shiga. Makka a kwari take, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba, Hada kuwa, da ke kan dutse kafin a shiga Ɗa'ifa, tana kusan mita 2,000. Hanyar tana bi ta gefen Arfa, ta ratsa Wadi Nu'uman, inda Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka janyo wa alhazai ruwa, sannan ta kama Dutsen Kara tana nannaɗewa kamar igiyar guga. Kwana na bin kwana, motoci na gudu, kunne na toshewa. Wannan hawa na inji ne, ka bar wa inji. Ranar da hazo ya yi kauri ko aka yi ruwa akan rufe hanyar, don haka ka tambaya kafin ka fito.

Na uku, babbar riga ta huta. Tun zamanin Rali kaca take da jiƙaƙƙa da bakin wando, kuma zuwa ƙasa mai tsarki bai sa ta tuba ba. Ka sa wando mai tsuke ƙafa, da takalmi sau-ciki, da hular kwano. Ka riƙe rigar sanyi ko da ka baro Makka tana tafasa, domin da asuba iskar Hada da Shafa takan tuna wa mutum hunturun Jos. In kana da niyyar sabuwar Umara a komowa, ga miƙati nan a Wadi Muharram kan hanyar Hada, amma sai ka ajiye keke tukuna ka ɗaura harami. Mayafi biyu marasa ɗinki da feda ba su taɓa rabuwa lafiya ba.

Na huɗu, ka zaɓi hanya daidai gwiwarka. Ka bar babban titi, ka nemi ƙananan hanyoyin da ke shiga tsakanin gonaki a Hada, ko ka wuce Shafa, kudu da garin Ɗa'ifa, inda itacen ar'ar ya lulluɓe tuddai. Itace ne mai duhun ganye, murɗaɗɗen jiki, in ka murza ganyensa a yatsa ƙanshi ya bi ka har rana ta take. Manoman wurin sun yanka dutse hawa-hawa, sun tokare kowane hawa da katangar duwatsu don ƙasa da ruwa su tsaya. Ka bi gefen katangun nan a hankali. In tudu ya fi ƙarfinka, ka sauka ka tura. Ba wanda ya san ka a Shafa balle labari ya riga ka isa Kano.

Na biyar, gangara. Nan ne dattijo yake tuna ƙuruciya, zuciya ta ce masa saki hannu. Kada ka saurare ta. Ka ja jikinka baya kan sirdi, ka riƙa taɓa birki biyu kaɗan-kaɗan, kada ka cafke na gaba shi kaɗai, domin zai tsayar da keken ya bar ka kana tafiya. Tsakuwa a kwana ta fi santsin kuɓewa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. In kuma hadari ya haɗu, ka fita daga cikin kwari, ruwan dutse ba ya sallama.

Na shida, birai. Masu gari ne, ka ba su girmansu daga nesa. Za ka gan su zaune kan katangar hanya, babban namiji da gashinsa fari-fari ya zubo kafaɗa kamar alkyabba, mata da 'ya'ya kewaye da shi. Ba ruwansu da kai, ledarka suke kallo. Duk abin da ya yi ƙara kamar leda, a wurinsu hadiyya ce. Ka ɓoye guzuri cikin jaka mai zif, kada ka ɗaure ayaba a kariya, kada ka miƙa musu komai, domin ciyar da su ne ya koya musu ƙwace. In ka yi wa babban murmushi kana nuna haƙora, a yarensu ka nemi faɗa.

Na bakwai, ka yawaita tsayawa, don shi aka zo. Wajen watan Maris da Afrilu furen wardi yake buɗewa, masu tsinka suna fita tun da duku-duku kafin rana ta sha ƙanshin. Ka jingine keke ka yi sallama, ka ga yadda ake zuba furen cikin manyan tukwanen jan ƙarfe, tururi ya bi bututu, mai ya taso saman ruwa ɗigo-ɗigo. Dubban furanni ke ba da tola ɗaya. Daga ranar ka daina yi wa mai turare tayin wulaƙanci. Wajen watan Yuli zuwa Satumba kuma rumman da inabi da zuma suna nan a rumfunan bakin hanya, da wani ɗan itace mai suna barshumi. Ka bar mai sayarwa ya ɓare maka shi. Ƙayarsa siririya ce kamar gashi, wanda ya kama da hannu zai kwana yana tsifar tafinsa.

Kafin ka juya, ka shiga cikin Ɗa'ifa ka yi salla a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, ka leƙa Masna inda masallacin Addas yake. A wannan yanki ne Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zauna cikin wata gona ƙafafunsa na jini bayan mutanen garin sun jefe shi, Addas ya kawo masa inabi. Ka sha jin wannan ƙissa a makarantar dare. Wanda ya yini yana haki a tuddan nan, gwiwarsa ta san nisan wurin da tsayinsa, da wani kunne zai sake jin ta.

Sai ka mayar da keke mota, ku gangara kafin duhu. Ka goge shi, ka ba tayoyinsa iska, ka haɗa wa mai shi da ledar rumman. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.