Bayani a Kan Fulogin da Abin da Ya Yi wa Wani Alhajin Safana

Manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya yi, ba kasafai take aiki ita kaɗai ba, domin masu sitidiyo sukan ɗora mata ƙananan manhajoji da ake kira fulogin, masu gyara murya ko kwaikwayon kayan kiɗa, bisa tsarin VST da kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da shi a 1996. Da yake fulogin a jikin uwar manhajar yake aiki, idan ya zo da nakasa, kamar waɗanda ake kwafa daga filash zuwa filash ba a san asalinsu ba, to ranar da zai faɗi da ita yake faɗuwa, kuma kafin ta cika, guntun sautin ƙarshe yakan maƙale yana maimaita kansa.

Wannan maƙalewa ce ta afka wa wani mai sitidiyo a Batsari a makon jiya, lokacin da wani Alhaji, uban amarya, ya taso takanas daga Safana da ƙannensa da surukinsa domin sauraron waƙar bikin da ya ba da kafin alƙalaminta. Waƙar ta tafi lafiya har baitin da mawaƙin ya yi nufin cewa Alhaji ba shi da na biyu, inda fulogin gyaran murya ya ƙame, lasifika ta shiga shelar “Alhaji ba shi, ba shi, ba shi” da ƙarfin da ya kai bakin titi. Allon ya yi fari, linzami ya ƙi motsi, Alhaji ya gyara zaman hularsa, surukin ya dasa ido a kan takalminsa, ƙanin da ya fara gyaɗa kai ya ci gaba da gyaɗawa don bai san inda zai tsaya ba, ita kuwa lasifika ba ta fasa kiran bashi ba, a gaban mutumin da kowa a ɗakin ya san bai cika kuɗin aikin ba.

Maganin da masana suka sani shi ne a kwashe fulogin duka daga ma'ajiyarsu, a buɗe aikin, sannan a riƙa mayar da su rabi-rabi har mai laifin ya bayyana, aikin da yake son natsuwa, wadda ita ce ta fi ƙaranci a ɗakin. Mai sitidiyo yana cikin cewa, “Ranka ya daɗe, fulogin ne,” sai ga wani bakanike maƙwabci ya leƙo, wanda ya yanke hukunci nan take.

“Ai Alhaji in dai fulogi ne an zo gida. Ya sha baƙi ne, a wanke shi da fetur, a kankare bakin, bugu ɗaya za ta tashi.”

Hujjarsa, wadda ya kawo cikin natsuwar malami, ita ce duk abin da yake tari kafin ya mutu, babur ne ko injin markaɗe, ciwonsa ɗaya. Alhaji ya gamsu da wannan bayani fiye da na mai sitidiyo, ya ce, “Yaro, bar masu sana'a su yi aikinsu.” Bakaniken ya zagaya baya da sifana, ya zare fulogin janareto, kwamfutar tebur ta mutu da gyaran da ba a adana ba, lasifika ta yi shiru, jama'a suka yi masa barka.

Alhaji ya ba bakaniken tukuici. Cikon kuɗin waƙar har yau bai iso Batsari ba.