Rigimar Milimita Biyu da Ɗoriya

Daga cikin ɗabi'un da suka kama dattawan Turai da Amurka da Japan, kaɗan ne suka kai ginin ƙaramin layin dogo cin lokaci da cin aljihu, domin al'ada ce da mutum mai cikakken hankali, wanda ya yi aikin shekara talatin ya karɓi fansho, zai keɓe ɗaki guda a gidansa, ko garejin da aka kori mota daga cikinsa, ya shimfiɗa katako ya gina gari sukutum da tasha da gada da duwatsu da shanu, sannan ya zauna yana kallon jirgin da bai wuce tsawon tafin hannu ba yana kewayawa. Abin da yaro kan yi da karan dawa ko gwangwanin madara, ya ja motarsa da zare har a kira shi cin tuwo, shi ne waɗannan bayin Allah suke yi da furfura a ka, sai dai su sun ƙi jinin a kira abin wasa. Baƙon da ya kuskura ya ce da kayansu kayan wasan yara, to ya sha shayinsa na ƙarshe a gidan.

Tushen lamarin shi ne ma'auni, wato yawan ninkin da aka rage jirgin gaske kafin a sami na kan tebur. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ne ya fara daidaita faɗin irin wannan layi a bajekolin Leipzig na 1891, kuma a yau ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage komai sau 87. Tun da faɗin layin dogo na gaske a yawancin Turai milimita 1,435 ne, na kan tebur sai ya zama 16.5, lissafi ya fita daidai, kowa ya kwana lafiya.

Ban da Ingila. Jiragen ƙasar Ingila sun fi na maƙwabtansu ƙanƙanta, don haka injin lantarkin wancan zamani ya ƙi shiga cikinsu idan an rage su sau 87, sai masu ƙerawa suka yi dabarar tela mai ƙarancin yadi: suka rage gangar jirgin sau 76, suka bar layin a kan 16.5, suka sa wa abin suna OO. Ta haka aka wayi gari jirgin Ingila yana tafiya a kan layin da ya yi masa tsuku da milimita biyu da ɗoriya, tazarar da ba ta kai kaurin ƙwayar dawa ba, amma ɗan hakin da aka raina shi ne ya tsone wa jama'a ido. Wani tsagi ya ɓalle ya koma milimita 18, daga baya ya ƙara ɗigo biyu, yana kiran kansa EM. A shekarun 1960 wasu suka ga cewa 'yan EM ma sassauci suka yi wa gaskiya, suka kafa P4 a kan 18.83, kuma kowane tsagi yana da ƙungiyarsa da takardunsa da taronsa. Sauya sheƙa a nan ya fi na siyasa tsada, domin mai sauyawa sai ya cire ƙafafun kowane tarago ya sake su, ya kuma tumɓuke layin da ya yi shekara biyar yana mannawa.

Inda hankalin mai kallo ya fi ɗaurewa shi ne aikin da ake kira tsufantarwa, wato ɓata sabon abu da gangan don ya yi kama da tsoho. Mutum zai tara kuɗi ya sayi kan jirgi sabo dal, yana sheƙi, ya fito da shi daga kwali da hannu biyu kamar jinjiri, sannan ya ɗauki burushi mai gashi uku ya shiga shafa masa garin launin tsatsa a gindin tukunya da baƙin hayaƙi a bakin bututu, har da ɗigon mai da ya zubo ya bushe. Tsakuwar da ke tsakanin katakan layi kuwa ana baza ta ne da cokali, a share da burushi, a ɗiga mata gam da aka tsinka da ruwa, a sa ɗigon sabulun wanke-wanke don ruwan ya ratsa ba tare da ya tarwatsa ta ba. Ciyawa ma ba a barin ta kwance. Akwai na'urar lantarki da ke sa gutsattsarin zare su miƙe tsaye a kan gam. Mutumin da ciyawar ƙofar gidansa ta kai gwiwa, uwargida ta yi magana har ta gaji, shi ne yake dasa ta kan tebur da hantsaki, da tabarau biyu a hanci.

Bayan duk wannan wahala akwai masu ƙirga ƙusa, lakabin da ake yi wa masanan da ke zuwa bajekoli su sunkuya, su yi shiru mai tsawo, sannan su sanar da mai kayan cewa irin wannan tarago bai fara aiki ba sai shekara biyu bayan lokacin da ya ce garinsa yake ciki.

Abin lura shi ne gaskiyar da ake nema gaskiya ce zaɓaɓɓiya. Ana kwaikwayon tsatsa da kashin tattabara a rufin tasha, amma ba a cika kwaikwayon makarar jirgi ko yajin aiki ko tsadar tikiti ba. Wasu ma suna rataye agogo mai gudu ninki huɗu ko shida, su bi jadawali minti-minti, kuma da yawa daga cikinsu, musamman a Ingila, ƙaramar tashar ƙauye suke ginawa, irin waɗanda aka rufe ɗaruruwansu bayan rahoton Beeching na 1963 kan layin dogon ƙasar. Abin da gwamnati ta rufe don ba ya kawo riba, ɗan fansho ya sake buɗe shi a ɗakin baƙi, inda har yanzu ba ya kawo riba, sai dai kullum rana tana haskawa kuma fasinjojin roba ba su taɓa kai ƙara ba.

Cutar ba ta bar masu hali ba. Mawaƙi Rod Stewart ya shafe shekara 23 yana gina birnin Amurka na shekarun 1940, wanda mujallar Railway Modeller ta nuna a 2019, kuma a lokacin ginin idan ya fita yawon waƙa yakan kama ƙarin ɗaki a otal don dogayen gine-ginensa. A Hamburg kuwa tagwaye Frederik da Gerrit Braun sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001, da layin da a yau ya haura kilomita 15, inda dare ke yi gari ya waye duk minti 15, gobara ta tashi a kan kari, 'yan kwana-kwana su iso a kan kari. Su dai tagwayen suna karɓar kuɗin shiga. Sauran magina kuwa abin da suke karɓa shi ne tambayar uwargida game da ranar da za a gama a maido mata da teburin cin abinci, tambayar da ake amsa ta kowace shekara da cewa saura gada ɗaya, alhali ita da shi sun san tun shekarar da aka haɗe katakon farko da na biyu garin ya fi ƙofar ɗakin faɗi.