Shan Iska Irin Na Alƙahira

Mutumin Alƙahira kukansa ɗaya ne kullum: cunkoso, ƙura da hon ɗin motoci. Ranar Juma'a sai ya ce yau kam zai guje wa jama'a. Ya kwashi uwargida da yara, da surukarsa, da ƙanwar surukar, ya nufi lambu, ya tarar duk waɗanda yake gudu sun riga shi yin shimfiɗa.

Lambun Azhar shi ne na 'yan gayu. Juji ne da aka yi kusan shekara 500 ana tulawa, har gidauniyar Aga Khan ta kashe kimanin dala miliyan 30 ta mai da shi dausayi, aka yi bikin buɗewa a 2005. Garin kwasar shara ma aka tono ganuwar da aka gina tun zamanin Salahuddin. Daga kan tudun ana hango masallacin Muhammad Ali da hasumiyoyi ba iyaka. To amma wa ke kallo? Kowa ya ba tarihi baya, don hoto ba ya kyau sai hasumiya tana bayan ƙeya. Ga saurayi can da wadda aka sa musu rana, an dasa ƙaninta a tsakaninsu ya yi gadi. Saurayin ya saya masa askirim, mai gadi ya sauka daga aiki.

Wanda ba shi da kuɗin tikitin shiga lambun bai damu ba. Ciyawar tsakiyar titi ma ciyawa ce: a baje bargo, a zuba shayi, bas na feso hayaƙi.

Babbar ranar shan iska ita ce Shammun Nasim, Litinin ɗin da ke bin Istar Kibɗawa, Musulmi da Kirista kowa a waje. Guzurin kuwa ƙwai mai launi, ɗanyar albasa, da fasikh, wato kifin da aka bari ya kumbura sannan aka danne shi da gishiri. Daddawarmu in ta ji warinsa sai ta durƙusa ta ce ranka ya daɗe. Furanni na ta ƙoƙarinsu, ba mai jin su.

Duk shekara hukumomin lafiya na gargaɗi a kan kifin nan, jaridu na bugawa da manyan baƙaƙe. Maigida ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce wallahi gaskiya ne, sannan ya shimfiɗa jaridar ya jera kifinsa a kai.