Sababbin Limaman Mazhabar Sawaba

Duk wanda ya tashi a gidan 'yan Sawaba, ya ji daga bakin iyayensa yadda aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da yadda 'yan doka suka riƙa tasa ƙeyar mabiyanta zuwa gaban alƙali saboda sun ƙi faɗuwa gaisuwa, ba ya bukatar a karantar da shi rukunan wannan mazhaba. Ni kuwa, alhamdu lillahi, har gobe a kanta nake, ban yi ridda ba. Sai dai sababbin limamanta na Gusau sun shigo da waɗansu bidi'o'i waɗanda, da Malam Aminu Kano zai leƙo majalisarsu, sai ya nemi tafinta.

Farilla ta farko a wurinsu ita ce taron bita a ɗakin otal mai na'urar sanyi, inda za a wuni ana bahasi a kan halin manomin Bungudu da Turancin da shi kansa mai jawabin bai gama fahimta ba, alhali manomin da aka taru dominsa yana tsugune a bakin ƙofa, mai gadi ya hana shi shiga don ba shi da katin gayyata. In la'asar ta yi sai a bi layi, a sa hannu, a karɓi kuɗin zama cikin ambulan, sa'an nan kowa ya dunƙule hannu ɗaya ya ɗaga a ɗauki hoto, ɗayan yana dafe da aljihu.

Farilla ta biyu kafirta juna. Wannan kam gado ne, domin tun rikicin PRP na farkon shekarun 1980 aka rabu Santsi da Taɓo. Amma waɗancan sun gabatar da aiki a kan husuma, tun da Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979. Na yanzu kuwa, in ka ce da ɗayansu, "Kwamared, ai da mun je Tsafe mun ji ta bakin mutane," kafin ka isa gida ya fitar da fatawa a Facebook cewa gwamnati ta saye ka, har da adadin kuɗin, kai da mai shayi yake bi bashin mako biyu.

A ƙauyukan Tsafen nan kuwa, harajin da aka sha bulala da ɗauri dominsa ya dawo ta bayan gida, domin mutane kan yi karo-karo su kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su girbe geronsu. Da aka tayar da wannan mas'ala a majalisarmu, sai wani matashi mai jar hula ya gyara zama, ya ce haƙiƙa lamari ne babba, wajibi ne a kafa kwamiti. Aka yi ijma'i a kan haka nan take, aka shiga mujadala a kan wa zai riƙe baitulmali, kuma kafin kiran magariba kwamitin ya zama biyu, kowane da ma'ajinsa.